Tsakuwa, Kare da 'Yan Fashi: Sunayen Wasannin Allo na Rumawa

A shekarar 1996 masu haƙar kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Stanway, kusa da garin Colchester a gabashin Ingila. Mai kabarin ya rasu ne a tsakiyar ƙarni na farko na miladiyya, daidai zamanin da sojojin Rum suka shigo tsibirin Birtaniya a shekara ta 43. An tarar da kayan fiɗa irin na likitoci tare da shi, shi ya sa ake ce wa wurin kabarin likita. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalin mutane allon wasa ne. Katakon ya riga ya ruɓe, sai ƙarafan kusurwoyi da na maɗauri suka rage, ga kuma 'ya'yan wasa na gilashi, farare 13, shuɗɗa 13, an jera su sahu biyu suna fuskantar juna, har an ɗan gusa da wasu gaba kamar an soma wasan.

Labarin bai gama bazuwa ba aka raɗa wa wasan suna: latrunculi, shahararren wasan dabara na Rumawa. To amma babu ko harafi ɗaya a kabarin da ya faɗi haka. Wannan ita ce matsalar duk mai son sanin yadda Rumawa suke shaƙatawa. Ƙasa takan fito da kaya ba ta faɗi sunansu ba. Littattafan Latin kuwa sukan ambaci suna su wuce, domin marubucin ya ɗauka kowa ya san wasan. Aikin masana shi ne haɗa wannan da wancan, kuma a ganina gaggawar haɗawar ta fi ƙarancin kayan ɓatar da mu.

Cikakken sunan wasan ludus latrunculorum. Ludus shi ne wasa, latrunculus kuma ƙaramin latro. A Latin ɗin da aka saba karantawa, latro ɗan fashi ne, don haka ake fassara sunan da wasan ƙananan 'yan fashi. Sai dai kalmar ba da fashi ta fara ba. A zamanin Plautus, marubucin wasan kwaikwayo da ya rayu kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, latro sojan haya ne, kuma tushen kalmar wata kalmar Girkanci ce mai nufin ladan aiki. Yadda ma'anar ta sauya ba ɓoyayye ba ne: yaƙi ya ƙare, albashi ya tsaya, makami kuma yana hannu. Na fi karkata ga cewa lokacin da aka sa wa wasan suna, sojoji ake nufi, domin mawaƙan Rum da suka ambace shi suna kiran 'ya'yan allon da miles, wato soja, da hostis, wato abokin gaba. Wanda ya fara ambaton wasan a rubuce shi ne Varro, malamin harshe da ya rasu a shekara ta 27 kafin miladiyya, kuma ba don wasan ya kawo shi ba. Yana bayanin yadda kalmomi ke sauya siga ne, sai ya ce a jera su tsaye da kwance kamar gidajen allon latrunculi. Daga wannan misalin na nahawu muka tabbatar cewa allon mai layuka ne masu gitta juna.

Sauran abin da aka sani tsince-tsince ne. Mawaƙa Ovid da Martial sun nuna ana cin ɗa ne idan abokan gaba biyu suka sa shi a tsakiya. Ba a jefa komai, dabara ce zalla. Akwai kalmar mandra, wadda asalinta shingen dabbobi ne, har yau kuma masana ba su daidaita ba ko tarin 'ya'ya ake nufi ko wani shinge a kan allon. Isidore na Seville, wanda ya rasu a 636, ya kasa 'ya'yan allo gida uku: ordinarii masu tafiya a tsare, vagi masu yawo inda suka so, da inciti waɗanda aka toshe wa hanya. Wannan ta ƙarshen ta fita daga allo ta shiga bakin mutane tun zamanin Plautus, ana cewa an kai wane ad incitas idan talauci ko bashi ya ƙure shi, ba gaba ba baya. Amma gida nawa ne a allon, 'ya'ya nawa kowa ke farawa da su, babu marubucin da ya faɗa. Allunan da aka tono ma ba su zo ɗaya ba, akwai mai gida 7 sau 8, akwai 8 sau 8, akwai 9 sau 10. Kamar dai a ce bayan shekara dubu biyu wani ya tono allon dara da 'yan duwatsu, kuma duk rubutun da ya rage masa shi ne karin maganar nan ta in ana dara fidda uwa ake. Zai san an yi wasa mai suna dara, zai san akwai abin da ake kira uwa a cikinsa, amma ba zai iya zama ya buga ba.

Likitan Stanway kuwa alamu sun nuna ɗan ƙasa ne, an binne shi bisa al'adar mutanensa na Birtaniya, a maƙabartar manyansu. Masana sun saɓa hatta a kan ko allonsa gida 8 sau 12 ne ko 9 sau 13, wasunsu kuma suna ganin wasan 'yan ƙasa ne da aka buga da gilashin Rumawa. Idan haka ne, sunan Latin da aka ɗora masa ya rufe mana wani wasa ne da ba mu da labarinsa daga ko'ina.

Su kansu 'ya'yan wasan, sunan da Rumawa suka fi kiransu da shi calculus, ƙaramar tsakuwa. Ko da aka koma yin su da ƙashi, da hauren giwa, da narkakken gilashi da ake ɗigawa a shimfiɗaɗɗen wuri ya daskare, ƙasa a shafe sama a kumbure, sunan tsakuwa bai bar su ba. Da wannan tsakuwar ɗan kasuwa yake lissafi a kan allon ƙidaya, kuma daga gare ta, ta hanyar Ingilishi, kalkuleta ta iso hannunmu. Wannan tarayyar suna tana da nauyi ga mai haƙa. Idan ya tsinci ɗan gilashi guda a ɗakin wani sansanin soja a Vindolanda, kusa da ganuwar Hadrian, ba shi da hanyar sanin ko na mai wasa ne ko na mai ƙirga buhunan hatsi, wataƙila ma mutum ɗaya ne yake yin wannan da rana, wancan da dare. Abin ya fi rikicewa ga tsingaro da aka sassaƙe gefensa ya zama kewayayye. Gidajen tarihi sun daɗe suna rubuta ɗan wasa a ƙarƙashin irinsa. Wasu na wasan ne, wasu murafun tuluna ne, a ƙarshen 2012 kuma wata maƙala a mujallar likitocin Birtaniya ta kawo hujjar cewa da wasunsu ake tsarkin hoge bayan biyan bukata. Gidan tarihin fadar Fishbourne a kudancin Ingila ya sake duba abin da ya rubuta a kan nasa saboda wannan.

Kalmar da ta fi kowace jawo ruɗani ita ce tessera. Ana danganta ta da kalmar Girkanci mai nufin huɗu, saboda kusurwoyi. Ita ce sunan ɗan jefawa mai fuska shida, irin wanda ake kaɗawa a lido. Ita ce kuma sunan ƙananan duwatsun da ake jerawa a yi zanen daɓe, da alamar karɓar rabon hatsi, da ɗan allon da ake rubuta kalmar sirri ta dare a sansanin soja, har jami'in da ke raba ta ake kira tesserarius. Da masana na ƙarnonin baya suka ga sunan yana ɗaukar komai, sai suka riƙa ɗora shi a kan duk ƙaramin abu mai lamba. Akwai wasu kewayayyun ƙasusuwa masu zanen gine-ginen Iskandariyya da fuskokin gumaka a gaba, a baya kuma lamba daga 1 zuwa 15, an rubuta ta da Latin da Girkanci. An daɗe ana cewa tikitin shiga gidan wasan kwaikwayo ne, lambar kuma ta wurin zama ce. Sai aka buɗe kabarin wani yaro a Kerch da ke Kirimiya, aka sami guda 15 cif a cikin akwati ɗaya, kowace lamba sau ɗaya. Masanin tarihin nan ɗan Rasha, Rostovtzeff, ya nuna a 1905 cewa kayan wasa ne. Sunan wasan dai ƙasa ba ta bayar ba.

Haka wasu 'yan sandunan ƙashi masu huda a kai, da masana suka sa wa tesserae lusoriae, suna ne na zamani ko da yake da Latin aka ƙera shi. An sami 16 a kabari ɗaya a Perugia ta Italiya. Gefe guda lamba, ɗaya gefen kalma, kuma kalmomin ƙananan lambobi zagi ne tsagwaronsa: fur, ɓarawo, ebriose, mashayi, moice, mazinaci. Manyan lambobi su ke da yabo, felix mai sa'a yana tare da 60. Mai yiwuwa a jaka ake zuba su kowa ya zaro, a yi wa wanda ya zaro ɓarawo dariya. Sai kuma kewayen nan mai layuka kamar ƙafar keke da ake gani an kankara a daɓen biranen Rum. Littattafan yara da yawa suna koyar da shi da sunan rota, har da dokokinsa. Wani malamin Latin ɗan Amurka, Elmer Merrill, shi ya ba shi sunan a 1916. Babu Barume ɗaya da aka san ya kira wani wasa haka.

Inda sunayen Rumawa na ainihi suka fi tsira shi ne wajen jifa. Kafin tessera akwai talus, ƙashin idon sawun tunkiya ko akuya. Ba ya iya tsayawa a kan bakunansa biyu, saboda haka fuska huɗu yake da ita, masu daraja 1, 3, 4 da 6, babu 2 babu 5. An so shi har ana kwaikwayon siffarsa da tagulla da gilashi da hauren giwa. Huɗu ake jefawa tare. Jifa mafi kyau, wadda kowane ƙashi ya nuna fuska daban, sunanta Venus, gunkiyar soyayya. Mafi muni canis, kare, wato ɗaya. Abin lura a nan, ƙashin ya fi yawan nuna 3 da 4, domin su ne faffaɗan ɓangarorinsa, 1 da 6 kuwa ƙuntatattu ne. Ke nan karnuka huɗu a jifa guda sun fi Venus wuyar samu nesa ba kusa ba. Ba wuyar fitowa ce ta ba jifa daraja ba, suna ne da abin da aka jingina masa.

Marubucin tarihi Suetonius ya adana wasiƙun sarki Agustus da ke nuna yadda ake amfani da waɗannan sunaye a teburin cin abinci. Duk wanda ya jefa kare ko senio, wato shida, zai zuba dinari guda a tsakiya a kan kowane ƙashi, wanda ya jefa Venus ya kwashe duka. A wata wasiƙar sarkin ya shaida wa Tiberius, wanda ya gaje shi daga baya, cewa ya yi asarar kuɗi sastar 20,000 a kwanakin wani biki, saboda yawan yafe wa abokan wasa. Albashin sojan runduna a lokacin sastar 900 ne a shekara, wato sarki ya zubar da abin da soja zai yi fiye da shekara 20 yana nema. Sarki Kalaudiyus ya wuce nan, ya rubuta littafi a kan jifa, ya kuma sa aka kafa masa allo a keken dokinsa yadda girgiza ba za ta watsa wasan ba.

Wani nazari da aka wallafa a 2022 a kan tessera na zamanin Rumawa da aka tono a ƙasar Holan ya gano mafi yawansu karkatattu ne, wani gefe ya fi wani faɗi, abin da ke sa wasu lambobi su fi fitowa. Masu nazarin sun fassara shi da cewa mutanen suna ganin ƙaddara ce ke juya jifa, siffar ƙashi ba ta dame su ba. Akwai gaskiya a nan, amma kayan da aka tono sun nuna ko sun amince da ƙashi, ba su amince da hannu ba. Suna da fritillus, ƙoƙon kaɗawa, suna da pyrgus ko turricula, duka biyun hasumiya suke nufi, ɗaya daga Girkanci ɗaya daga Latin. Akwati ne dogo mai matakala a ciki, a saki tessera ta sama ta gangaro da kanta. An sami na tagulla na ƙarni na 4 a Froitzheim ta Jamus, yana gidan tarihi na Bonn, har da 'yan ƙararrawa a bakinsa, an sami na katako a Qustul ta ƙasar Nubiya. A jikin na Jamus an huda rubutu mai cewa an ci ƙabilar Pict da yaƙi, an gama da abokan gaba, a yi wasa hankali kwance. Kalmomi shida ne, kowace harafi shida.

Wannan shida sau shida ba haɗari ba ne, shi ne tsarin allon da na fi ƙauna a duk kayan nan, domin shi kaɗai ne yake magana da bakinsa. Sahu uku ne, kowane sahu gida 12, an raba shi shida da shida da wani ado a tsakiya. Maimakon a zana gidaje 36, sai a sassaƙa haruffa 36, kowane harafi gida guda, su haɗu su ba da jimla. An sami fiye da ɗari, galibi a birnin Rum, da yawansu an sake amfani da su wajen rufe kaburburan ƙarƙashin ƙasa. Wani allon jerin abincin gidan saye ne: kaza, kifi, cinyar alade, ɗawisu. Wani yana korar wanda aka cinye, ya tashi ya ba da wuri tunda bai iya ba. A dandalin Timgad ta Aljeriya, birnin da sarki Trajan ya kafa wa tsofaffin sojoji wajen shekara ta 100, allon ya lissafa farauta, wanka, wasa da dariya, ya ce wannan ita ce rayuwa. Mai sassaƙar ya matse kalmomi biyu, hoc da est, ya mai da su occest don su cika harafi shida. Nahawu ya sunkuya wa allo. Irin wannan rubutun ba na manyan marubuta kamar Cicero ba ne, na mutanen da ba su bar littafi ba ne, kuma ta nan kusan kaɗai muke jin yadda suke kallon hutu. Harshensu ma ya goyi bayansu: otium shi ne hutu, harka da kasuwanci kuwa negotium, wato rashin hutu. Ludus da ke nufin wasa ita ce kuma makarantar yara, ludo kuma, ina wasa, ita ce Turawan Ingila suka ɗauko a 1896 suka sa wa wani wasan Indiya da suka gyara, wanda ya zo mana a matsayin lido.

Yaya Rumawa suke kiran wasan sahu ukun? An saba cewa duodecim scripta, zane goma sha biyu, sunan da Cicero ya ambata yana yabon gwanintar wani babban masanin shari'a, Mucius Scaevola. Amma goma sha biyun me? Wasu sun ce gidajen kowane sahu, wasu sun ce ɗigo 12, mafi girman abin da tessera biyu za su bayar. Sunan ya dushe a ƙarnonin baya, alea ta maye gurbinsa, kuma alea suna ne mai ɗauke da kunya.

Alea na nufin jifa, tana nufin caca, tana nufin duk kasadar da mutum bai san ƙarshenta ba, shi ya sa aka ruwaito Yuliyus Kaisar ya kamanta tsallaka kogin Rubicon a shekara ta 49 kafin miladiyya da jefa ta. Dokar Rum ta hana yin ta da kuɗi, sai a bikin Saturnalia da ke farawa 17 ga Disamba. Bashin caca ba a kai shi gaban alƙali, mai gidan da ake caca kuma idan aka doke shi ko aka yi masa sata a lokacin, ba a sauraron ƙararsa. A bangon wani gidan saye a Pompeii, wanda aman dutse ya binne a shekara ta 79, an zana mutum biyu da allo a kan gwiwoyinsu. Ɗaya ya ce ya fita, ɗayan ya ce ba uku ba ce, biyu ce. A zane na gaba sun cakumi juna, mai gida yana tura su waje su yi faɗansu a can. Aleator, ɗan caca, zagi ne da ake jifan abokin hamayya da shi a majalisa, Cicero ya goranta wa abokin hamayyarsa Antonius cewa ya dawo da wani abokin cacarsa da kotu ta hukunta saboda yin alea a tsakiyar dandali. Duk da haka, matakalar Basilica Julia, zauren da ake shari'a a dandalin nan, cike take da allunan da masu zaman jira suka kankara.

Masu wasan sun san nauyin sunan, sun kuma nemi sauke shi. Ammianus Marcellinus, marubucin tarihi na ƙarni na 4, ya ce wasu manyan Rum ba sa son a kira su aleatores, sun fi son tesserarii, masu tessera, shi kuwa a wurinsa bambancin bai wuce na ɓarawo da ɗan fashi ba. A farkon wannan ƙarnin, taron limaman coci a Elvira ta Sifaniya ya hukunta cewa Kiristan da ya buga alea, wato tabula, da kuɗi, a nisanta shi, in ya daina a karɓe shi bayan shekara guda. Wannan "wato" ɗin ita ce shaidar da ta nuna sunaye biyun wasa ɗaya ne a lokacin. Tabula ba ta nufin komai sai allo, katako shimfiɗaɗɗe, kuma ina zaton rashin laifinta na cikin abin da ya ba ta nasara. Daga gare ta ne, ta Ingilishi, muka sami tebur.

A ƙarƙashin wannan sunan ne aka sami wasan da aka fi kowane sanin yadda ya gudana a duk zamanin da. Sarki Zeno, wanda ya mulki daular gabas daga 474 zuwa 491, ya jefa tessera uku suka ba shi 2 da 5 da 6, dole ta sa ya warwatsa 'ya'yansa har takwas suka tsaya ɗai-ɗai babu kariya. Marubuci Agathias ya bayyana matsayin 'ya'yan a ƙarni na 6, har wani masani Bafaranshe ya iya sake jera allon a ƙarni na 19: sahu biyu, gida 24, kowa da 'ya'ya 15. Sahu na uku ya riga ya faɗi. Girkawa na yau suna kiran irin wannan wasan tavli, Turkawa tavla, a gidajen shayin Alƙahira kuma ɗawula. Sai dai ba a ce wasan na yau daga Rum kaɗai ya fito ba, domin Farisa tana da nata, nard, wanda ɗaliban hadisi da fiƙihu suka sani ta hanyar hanin da ya zo a kansa. Mai buga ɗawula a Masar yana kiran allon da sunan da ya samo asali daga Latin, idan kuma jifa ta ba shi shida da biyar sai ya ce shesh besh, shidan da Farisanci, biyar ɗin da Turkanci.